Gyambon Buruli: yadda masana ke amfani da lissafi wajen gano rawar muhalli a yaɗuwar cutar

Gyambon Buruli cuta ce ta fata da wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa. Tana cin fata da naman da ke ƙarƙashinta, a wasu lokuta har ta kai ga ƙashi. An samu rahoton ɓullarta a ƙasashe aƙalla 33 na duniya, akasarinsu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma Najeriya na daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta, wato tarin fuka da kuturta, shi ne ba ta wucewa kai tsaye daga mai ita zuwa mai lafiya. Mutum na ɗaukar ta ne daga muhallin da yake zaune ko yake aiki, musamman fadamu da koguna masu tafiyar hawainiya da wuraren da ruwa ke kwanciya. Har yau masana ba su kammala tantance hanyar da ƙwayar ke bi ta shiga jikin mutum a nahiyar Afirka ba. Wannan ne ya sa masana lissafi suka shigo cikin binciken, suna haɗa alƙaluman marasa lafiya da na ruwan sama da ambaliya da yanayin ƙasa, don amsa tambayoyi uku: a ina cutar take, yaushe ake kamuwa da ita, kuma ta wace hanya.

Tarihin cutar da ƙwayar da ke jawo ta

Wani likita ɗan Birtaniya, Albert Cook, ya bayyana irin waɗannan gyambuna a ƙasar Yuganda a shekarar 1897. Sai a 1948 ne Peter MacCallum da abokan aikinsa suka wallafa bayanin ƙwayar cutar, bayan sun same ta a jikin marasa lafiya daga yankin Bairnsdale da ke jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya. Sunan Buruli kuwa ya samo asali ne daga wata gunduma ta Yuganda da ke kusa da kogin Nilu, inda aka samu masu cutar da dama a shekarun 1960.

Sunan ƙwayar a ilimin kimiyya Mycobacterium ulcerans. Tana girma a hankali ƙwarai, ta yadda renonta a ɗakin gwaji kan ɗauki makonni masu yawa. Ta fi son ɗumi na digiri 29 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da ɗumin cikin jikin mutum, kuma ana ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa take zama a fata maimakon huhu ko hanta. Makaminta wani dafi ne mai suna mikolakton, wanda aka gano a 1999. Dafin yana kashe nama, yana danne garkuwar jiki a wurin, sannan yana kashe zafin ciwo.

Rashin zafin nan shi ne babban tarkon cutar. Takan fara ne da ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko wani wuri mai tauri, ko kumburin hannu ko ƙafa, ba tare da zazzaɓi ko raɗaɗi ba. Mai ita kan ci gaba da harkokinsa har wurin ya fashe ya zama gyambo mai faɗi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi 55 cikin ɗari na gyambunan a ƙafa suke fitowa, kashi 35 a hannu, sauran kashi 10 a wasu sassan jiki. A Afirka kusan rabin masu cutar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ba ta cika kisa ba, amma idan aka makara takan bar mutum da tabo mai ɗaure gaɓa, ko ta kai ga yanke hannu ko ƙafa.

Mene ne tsarin lissafi na yaɗuwar cuta?

Tsarin lissafi taƙaitaccen hoto ne na yadda cuta ke tafiya a cikin al'umma, wanda aka rubuta da lambobi da alamomi. Mai tsara shi yana raba jama'a rukuni-rukuni: waɗanda ke iya kamuwa, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke. Daga nan sai ya rubuta ƙa'idar da ke nuna mutum nawa ne ke barin wannan rukuni zuwa wancan a kowane mako ko wata. Idan aka ɗora wa kwamfuta waɗannan ƙa'idoji, sai ta nuna yadda adadin marasa lafiya zai hau ko ya sauka. Ana gwada ingancin tsarin ne ta hanyar kwatanta abin da ya fitar da ainihin alƙaluman asibitoci.

Wannan fanni ba sabo ba ne. Tun a 1760 Daniel Bernoulli ya yi amfani da lissafi wajen auna amfanin rigakafin cutar agana. A farkon ƙarni na 20 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin zazzaɓin cizon sauro ya ja baya, ya isa a rage yawansa zuwa ƙasa da wani mizani. A 1927 Kermack da McKendrick suka fitar da tsarin rukunai uku da aka ambata, wanda har yau shi ne tubalin fannin. Najeriya ma tana da gurbi a wannan tarihi: aikin binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar a Garki, wadda ke jihar Jigawa a yanzu, tsakanin 1969 da 1976, ya samar da ɗaya daga cikin fitattun tsare-tsaren lissafi da aka gwada da alƙaluman ƙauyuka.

Jigon irin waɗannan tsare-tsare shi ne wata lamba da ake kira R0, wato adadin mutanen da mai cuta ɗaya ke iya harba a cikin al'ummar da ba ta da kariya. Idan lambar ta haura ɗaya, cutar za ta bazu. Idan biyu ce, alal misali, mutum ɗaya zai zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Idan ta gaza ɗaya, cutar za ta mutu da kanta.

Dalilin da ya sa Buruli ke buƙatar lissafi na dabam

A cuta irin ƙyanda ko tarin fuka, yawan sababbin masu kamuwa ya dogara ne da yawan waɗanda ke ɗauke da ita. A gyambon Buruli abin ba haka yake ba. Mai gyambon na iya kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa ba tare da ya harbe su ba, amma manomi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su kamu saboda fadama ɗaya suke shiga. Don haka dole mai lissafi ya ƙara wani rukuni da ba na mutane ba: ma'ajiyar ƙwayar cutar a cikin muhalli.

A irin wannan tsari, haɗarin kamuwa ya rataya ne a kan abubuwa uku da ake ninkawa da juna. Na farko, yawan ƙwayar cutar da ke cikin ruwa ko laka ko tsirrai a wannan lokaci. Na biyu, yawan cuɗanyar mutum da wurin, ko don noma ko kamun kifi ko wanka ko ɗiban ruwa. Na uku, yiwuwar ƙwayar ta samu ƙofar shiga fata a kowace cuɗanya, ta hanyar rauni ko sukar ƙaya ko cizon ƙwaro. Tun da ninkawa ake yi, rage ɗaya daga cikin ukun zuwa rabi yana rage haɗarin gaba ɗaya zuwa rabi. Wannan ne ke bai wa masu tsara manufofin lafiya damar auna wane mataki ya fi araha kuma ya fi tasiri.

Ita kanta ma'ajiyar ba a tsaye take ba. Tana ƙaruwa tana raguwa gwargwadon ruwan sama da zafi da yawan iskar oksijin a cikin ruwa da irin halittun da ke rayuwa a wurin. Saboda haka ake rubuta mata tata ƙa'idar, wadda ke hawa da sauka tare da damina da rani.

Wasu masana sun gina tsare-tsaren da suka haɗa da ƙwarin ruwa da kifaye. A 2007 Aidoo da Osei suka wallafa wani tsari da ya duba yawan ƙwarin ruwa da yawan sinadarin arsenik a muhalli. A 2015 Nyabadza da Bonyah suka fitar da wani tsarin da ya haɗa mutane da ƙwarin ruwa da ƙananan kifaye, suka gwada shi da alƙaluman ƙasar Gana. A irin waɗannan tsare-tsare, lambar R0 ba ta auna yaɗuwa tsakanin mutane. Tana auna ko ƙwayar za ta iya ɗorewa ne a tsakanin halittun ruwa, mutum kuwa tsautsayi ne ke kai shi.

Akwai kuma wani rukunin bincike da ba ya bin diddigin yadda cutar ke tafiya, sai dai ya nemi dangantaka ta hanyar ƙididdiga. Ana ɗauko wuraren da aka tabbatar da cutar, a jera su da bayanan tauraron ɗan'adam kan tudu da kwari, dazuzzuka, gonaki, nisan kogi da yawan ruwan sama, sannan kwamfuta ta zana taswirar sauran wuraren da suka yi kama da su. Nau'i na farko yana ƙoƙarin amsa tambayar "ta yaya", na biyu kuma tambayar "a ina".

Abubuwan muhalli da ake sanyawa a lissafin

Ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin a fara lissafin, likitoci sun lura cewa cutar kan biyo bayan wani sauyi da ya taɓa ruwa. A Yuganda an danganta yawaitarta da ambaliyar da ta biyo bayan mamakon ruwan sama a farkon shekarun 1960. A sansanin 'yan gudun hijirar Ruwanda da ke Kinyara, kusa da kogin Nilu, an samu masu cutar da yawa, kuma adadin ya faɗi bayan an mayar da mutanen wani wuri. A Najeriya, wani rahoto na 1976 daga Ibadan ya danganta wasu da suka kamu da wani ƙaramin tafki da aka samar ta hanyar datse rafi. A Kamaru cutar ta yi ƙarfi a yankin Bankim, inda aka gina madatsar ruwa a kan kogin Mape. A tsibirin Phillip na Ostireliya, ɓarkewar da aka samu a shekarun 1990 ta shafi mazauna kusa da wata fadama da filin wasan golf da ake yi wa ban ruwa.

Daga irin waɗannan abubuwan lura ne aka fitar da jerin abubuwan da ake aunawa. Akwai ruwan sama da ambaliya. Akwai saurin gudun ruwa, domin an fi samun ƙwayar a ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali. Akwai tsayin ƙasa: binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna ƙauyukan da ke cikin kwari sun fi na kan tudu fama da cutar. Akwai sare dazuzzuka da buɗe sababbin gonaki da haƙar ma'adinai. A gundumar Amansie ta Yamma da ke Gana, inda ake haƙar zinare, an yi nazarin alaƙar cutar da wuraren da arsenik ya yi yawa a ƙasa da ruwa.

Sai kuma halittun ruwa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ake samun alamar ƙwayar a jikin wasu ƙwarin ruwa masu cizo, da kifaye, da dodon koɗi, da kuma yauƙin da ke manne wa tsirran ruwa. A 2008 aka sanar da nasarar farko ta reno ƙwayar daga muhalli, daga jikin wani ƙwaro mai tafiya a kan ruwa da aka kamo a Benin. Yawancin sauran binciken alamar ƙwayar halittarta kawai suke ganowa ta gwajin PCR, wanda ba ya bambanta mai rai da matacciya.

Abin da lissafin ya nuna a Kamaru da Giyanar Faransa

Yankin Akonolinga da ke bakin kogin Nyong a Kamaru na daga cikin wuraren da aka fi nazarin cutar a Afirka. Masu bincike daga Cibiyar Pasteur ta Kamaru da cibiyar IRD ta Faransa sun riƙa ɗibar halittun ruwa lokaci-lokaci na tsawon shekara guda a Akonolinga da Bankim, suna auna yawan ƙwayar. Daga nan suka gina tsare-tsaren lissafi biyu masu hamayya da juna. Ɗaya ya ɗauka cewa cizon ƙwarin ruwa ne ke kai cutar ga mutum. Ɗayan ya ɗauka cewa mutum na kamuwa ne ta cuɗanya da gurɓataccen muhalli gaba ɗaya. Da aka jera sakamakon kowanne da alƙaluman marasa lafiya, tsari na biyu ne ya fi dacewa da inda cutar ke ɓulla da lokacin da take ɓulla. An wallafa aikin a 2015, kuma Andres Garchitorena ne ya jagoranci marubutansa.

Sakamakon bai wanke ƙwarin ruwa gaba ɗaya ba, amma ya nuna cewa ba su ne babbar hanya ba a waɗannan yankuna. Ta fuskar aiki, hakan na nufin kuɗin da za a kashe wajen yaƙar ƙwari zai fi amfani idan aka karkata shi ga kare fata da tsabtace rauni. Wani nazarin na alƙaluman asibitin Akonolinga ya gano cewa adadin masu zuwa da cutar yana da lokacin hawa a cikin shekara, kuma hawan yana da alaƙa da cikar kogin Nyong da janyewarsa.

A Giyanar Faransa da ke Kudancin Amurka kuwa, akwai bayanan marasa lafiya tun daga 1969. Da aka jera su da bayanan ruwan sama na shekaru fiye da 40, sai aka ga cewa cutar kan ƙaru ne idan bushewa ta biyo bayan ruwa mai yawa. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, ambaliya tana baza ƙwayar, sannan idan ruwa ya janye sai ya bar ƙananan kududdufai inda take taruwa, kuma a lokacin ne mutane ke samun damar shiga fadamun. Wani binciken na 2016 a wannan yanki ya nuna cewa sare daji yana rusa tsarin cin juna da ke tsakanin halittun ruwa, ta yadda halittun da suka fi ɗaukar ƙwayar ke samun damar yawaita.

Darasin Ostireliya

Jihar Biktoriya ba yanki ne mai zafi ba, amma cutar na ƙaruwa a can, har masu kamuwa suka haura 300 a wasu shekarun baya-bayan nan, musamman a yankunan Mornington da Bellarine da wasu unguwannin Melbourne. Saboda akwai masu zuwa yawon hutu na 'yan kwanaki su koma gida, masana sun samu damar lissafa tsawon lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana. Matsakaicinsa kimanin wata huɗu da rabi ne, kuma yana iya kaiwa daga wata ɗaya zuwa wata tara. Wannan lamba tana da muhimmanci ga kowane tsarin lissafi, domin ita ce ke ba da damar komawa baya daga ranar da aka ga gyambo zuwa lokacin da aka kamu. A Biktoriya an fi gano cutar a lokacin sanyi, amma lissafi ya nuna a lokacin zafi ake ɗaukar ta.

A can an gano cewa wata dabbar dawa mai hawa bishiya da ake kira fosum tana kamuwa da cutar, kuma tana fitar da ƙwayar a kashinta. Wani aiki da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa tsarin ƙididdiga da aka gina a kan gwajin kashin fosum yana iya hasashen unguwannin da mutane za su kamu. A farkon 2024 kuma masu bincike ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Doherty ta Melbourne suka fitar da hujjojin da ke nuna cewa wani nau'in sauro, Aedes notoscriptus, shi ne ke ɗauko ƙwayar daga fosum zuwa mutum.

Sai dai ba a iya ɗauko wannan sakamako a ɗora wa Afirka kai tsaye. Babu fosum a nahiyar, kuma ba a gano wata dabba da ke taka irin rawarta ba. Kowane yanki yana buƙatar tsarin da aka gina da alƙalumansa.

Matsayin Najeriya

An fara bayyana cutar a Najeriya a 1967, daga yankin kogin Binuwai. Daga baya an samu masu ita a jihohin kudu da dama, ciki har da Ogun, Anambra, Enugu, Ebonyi, Kuros Riba da Akwa Ibom. Shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta da gyambon Buruli, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ne ke da alhakin kula da ita.

Adadin da ake bayar da rahotonsa a Najeriya ya daɗe yana ƙasa da abin da masana ke tsammani, ganin cewa ƙasar tana tsakanin Benin da Kamaru, waɗanda dukansu ke fama da cutar, kuma yanayin kudancinta iri ɗaya ne da nasu. Shaida ta fito daga ƙetaren iyaka: cibiyar kula da cutar da ke garin Pobe a Benin ta yi jinyar 'yan Najeriya fiye da ɗari, akasarinsu daga jihar Ogun, kuma da yawansu sun isa can ne da gyambon da ya riga ya yi nisa. Haka nan da aka gudanar da aikin neman masu cutar a yankin Ogoja na jihar Kuros Riba, an samu mutanen da ba sa cikin kowane rajista.

A nan ne taswirar lissafi ke da amfani. Wani aiki da masana daga Makarantar Nazarin Tsabta da Cututtukan Yankuna Masu Zafi ta Landan suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, ya zana wuraren da muhallinsu ya dace da cutar a Afirka. Taswirar ta nuna faffaɗan yanki a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da wuraren da ba a taɓa kawo rahoto daga cikinsu ba, kuma kudancin Najeriya na ciki. Irin wannan taswira ba ta tabbatar da cewa cutar na nan a kowane ƙauye. Tana nuna wa ma'aikatan lafiya ne inda ya kamata su fara dubawa idan kuɗi da ma'aikata ba su isa a zagaya ko'ina ba.

Iyakar abin da lissafi ke iya yi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: tsarin lissafi ba ya wuce ingancin alƙaluman da aka ba shi. Matsala ta farko ita ce ƙarancin rahoto. Da yawa daga cikin masu cutar suna zaune a ƙauyuka masu nisa, wasu kuma sukan fara zuwa wurin masu maganin gargajiya saboda ɗaukar gyambon a matsayin sammu. Taswirar da aka gina da rajistar asibiti na iya zama taswirar inda asibitoci suke, ba inda cutar take ba.

Ta biyu ita ce jinkiri. Idan aka haɗa watannin da cutar ke ɓoye da watannin da mara lafiya ke yi kafin ya je asibiti, alaƙar da ke tsakanin wata ambaliya da wani gyambo takan dushe. Ta uku, ana rubuta garin da mara lafiya yake zaune, alhali wataƙila a wata gona mai nisa ya kamu. Ta huɗu, samun alamar ƙwayar a ruwa ba ya nufin mutanen wurin na kamuwa: a Gana an same ta a ƙauyukan da ke da cutar da waɗanda ba su da ita, yayin da a Benin yawanta a muhalli ya yi daidai da yawan marasa lafiya.

Akwai kuma tambayar da har yanzu ake muhawara a kanta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ana samun rahoton kimanin mutum 5,000 a shekara har zuwa 2010, sannan adadin ya sauka zuwa 1,961 a 2016, ya sake hawa zuwa 2,713 a 2018. Wasu masana na ganin raguwar ta samo asali ne daga ja da bayan aikin neman marasa lafiya. Wasu kuma na ganin buɗaɗɗen gyambo na iya mayar da ƙwayar cikin ruwa, don haka yi wa mutane magani da wuri ya rage ma'ajiyar kanta. Tsare-tsaren lissafi na daga cikin hanyoyin da ake bi wajen auna waɗannan bayanai biyu.

Abin da wannan ke nufi ga jama'a da hukumomi

Babu allurar rigakafin gyambon Buruli, amma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta kafa shiri na musamman kan cutar a 1998, tana ba da shawarar haɗa magunguna biyu na sha, rifampicin da clarithromycin, na tsawon mako takwas, tare da kula da raunin da motsa gaɓa, da tiyata idan ta kama. Ana raba cutar mataki uku: na farko shi ne wanda faɗinsa bai kai santimita 5 ba, na biyu daga 5 zuwa 15, na uku wanda ya haura 15 ko ya fito a wurare da yawa ko ya taɓa ƙashi. Burin hukumar shi ne nan da 2030 waɗanda ake ganowa a mataki na uku su gaza kashi 10 cikin ɗari.

Binciken da aka yi ta hanyar kwatanta masu cutar da marasa ita a Kamaru da Gana da wasu ƙasashe ya nuna cewa sanya dogon wando da riga mai dogon hannu a gona, da wanke rauni da sabulu nan take, suna tafiya tare da raguwar haɗari, yayin da kutsawa cikin fadama ke ƙara shi. A Kamaru an ga irin wannan kariya ga masu kwana cikin gidan sauro. Waɗannan matakai suna taɓa biyu daga cikin abubuwa ukun da lissafin ya ninka, wato cuɗanya da ƙofar shiga fata, waɗanda suka fi sauƙin sarrafawa fiye da ma'ajiyar da ke cikin ruwa.

Ga hukumomi kuwa, abin da binciken ya nuna shi ne a tsara aikin neman marasa lafiya bisa wuri da lokaci: a ƙauyukan da ke bakin fadamu da madatsun ruwa da wuraren haƙar ma'adinai, kuma a watannin da ke biyo bayan janyewar ambaliya. Ana kuma ba da shawarar haɗa shi da neman kuturta da sauran cututtukan fata a fita ɗaya, kamar yadda tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya tanada. Duk wanda ke zaune a irin waɗannan wurare ya ga ƙullutu ko kumburi marar zafi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ana shawartarsa da ya je cibiyar lafiya mafi kusa don a gwada shi. Kowane mara lafiya da aka gano aka rubuta inda yake noma da lokacin da alamar ta fara, yana ƙara wa taswirar inganci ga waɗanda za a nema bayansa.